Kafin Ka Kai Sa Kara: Karatun Ɗinki, Zane da Ƙawata Gida a Faransa

 Wannan shi ne taƙaitaccen bayanin shirinmu na wannan mako, mun buga shi a takarda saboda wanda shirin ya riske shi a kan hanya, ko a dajin da rediyo ba ta kamawa. In karatun boko bai zauna maka sosai ba, ka ba yaro ya karanta maka a hankali, domin maganar ta shafi aljihunka, ta kuma shafi shi yaron.

Daga Aboabo da Asawase da Sabon Zango a nan Kumasi, har zuwa Paga da Bawku da Sinkase, iyaye suna ta aiko mana da tambaya kusan iri ɗaya. Yaro ko yarinya sun gama sakandare, hannunsu ya faɗa a ɗinki ko zane, sun ga talla a waya cewa wata makaranta a Faransa tana ɗaukar ɗalibai. Yanzu an tasa uba a gaba ya taɓa garke, ko uwa ta taɓa jarin atamfa. Shin karatun na gaske ne? Nawa zai ci? Me yaron zai dawo da shi?

Ga amsar a dunƙule. Karatun na gaske ne, makarantun ma akwai su, wasunsu sun haura shekara ɗari. Amma makarantar Faransa wasa hannu take yi, kamar yadda maƙeri ke wasa wuƙar da aka kawo masa. Wanda ya je da sana'a a hannu zai dawo da ita tana sheƙi. Wanda ya je hannu rabbana, kuɗin shanu ne kawai za su tafi.

Wane irin karatu ne wannan?

Abu uku ne ake haɗawa a talla ɗaya, amma kowanne da hanyarsa.

Na farko, zayyana tufafi. Telanmu na Zango yana auna mutum ɗaya ya ɗinka masa riga ɗaya. A makaranta ana koya wa ɗalibi ya zana rigar a takarda tukuna, ya fitar da takardar yanka wadda za a ɗora a kan yadi, sannan ya san yadda zai ƙara ta ko ya rage ta, har riga ɗaya ta fito a girma biyar ko shida ba tare da ta canza kama ba. Ana koya masa sanin yadi, da lissafin abin da kowace riga ta ci, da yadda ake sa wa kaya suna a kai su kasuwar da ba a san ka ba. Wannan shi ne bambancin mai ɗinka wa unguwa kayan Sallah da mai cika wa ɗan kasuwa dila.

Na biyu, ƙawata cikin gida. Kada ka ɗauka jeren ɗakin amarya ne kawai, ko da yake masu jere suna da rabin idon da ake nema. A nan ana koyon awon ɗaki, da zana taswirarsa da hannu da kwamfuta, da sanin inda haske da iska za su shiga, da irin katako ko tayil ko fentin da ya dace. Mai wannan ilimi shi ne ke tsaya wa kafinta da mai silin da mai wayar lantarki a otal, ko banki, ko babban kanti.

Na uku, zane-zane na fasaha: fenti, sassaƙa, ɗaukar hoto da makamantansu. Wannan ya fi sauran biyun wuyar ciyar da mai shi da wuri, kuma ya kamata uba ya san haka tun farko.

Makarantun da ake magana

A Faransa akwai na gwamnati, akwai na kuɗi. Cikin na kuɗi, wadda ta fi tsufa a harkar tufafi ita ce ESMOD, wadda wani tela mai suna Alexis Lavigne ya kafa a Paris a 1841. Shi ake danganta wa tef ɗin awo mai lanƙwasa da ke rataye a wuyan kowane tela a Kejetia, da mutum-mutumin da ake gwada riga a kansa. Akwai Institut Français de la Mode, wadda aka kafa a 1986, ta kuma haɗe da tsohuwar makarantar ƙungiyar manyan telolin Paris a 2019. A fannin cikin gida akwai École Camondo.

Cikin na gwamnati akwai École Boulle, wadda ta shahara a aikin katako da kayan ɗaki tun 1886, da École Duperré mai koyar da tufafi da yadi da aikin allura, da École des Arts Décoratifs, da Beaux-Arts ta Paris. Da yawa daga makarantun gwamnati suna ba da wata shaidar karatu ta shekara uku da ake kira DN MADE, wadda aka fara a 2018. Kuɗin waɗannan makarantu da sauƙi, amma ƙofarsu ƙarama ce. 'Ya'yan Faransawa kansu gasa suke yi kafin su samu gurbi.

To a nan ne ake rufta da mutane. Ba kowace makarantar kuɗi ce gwamnatin Faransa ta amince da takardarta ba. Akwai wani kundin gwamnati da ake kira RNCP, inda ake rajistar shaidar sana'o'in da hukuma ta yarda da su. Duk makarantar da ta yi wa ɗanka tayi, a tambaye ta lambar rajistar kwas ɗin a wannan kundi, a kuma duba a intanet ko rajistar tana nan da ranta. Kai da ba ka sayen saniya sai ka buɗe bakinta ka duba haƙori, kada ka yarda a yi cinikin biri a sama da kai.

Mu zauna mu yi lissafi

Yuro ɗaya sefa 656 ne, in an cike ɗan guntun da ke kai, kuma wannan farashi ba ya motsi. Shi ya sa za mu yi lissafin da sefa. Mai sidi ko naira ya juya da canjin ranar da yake karanta wannan takarda.

Kafin a ba ɗalibi biza, sai ya nuna yana da abin da zai riƙe shi. Adadin da ake nema a 2025 shi ne yuro 615 a kowane wata, wato sefa dubu 403 da 'yan kai. A shekara ya kama yuro 7,380, kusan sefa miliyan 4 da dubu 840. Wannan na ci da sha da wurin kwana ne kawai. Kuma a Paris, hayar ɗaki ɗaya tilo tana iya lashe kuɗin watan gaba ɗaya. Garuruwa irin su Lyon da Nantes da Roubaix sun fi sauƙi, kuma su ma suna da makarantun.

Sai kuɗin makaranta. Tun 2019 jami'o'in gwamnati suka sa wa ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba yuro 2,770 a shekara a digirin farko, da 3,770 a digiri na biyu, an kuma ɗan ƙara a kai daga baya. Wasu jami'o'in suna yafe wani kaso, wasu makarantun zane na gwamnati kuma kuɗinsu bai kai haka ba. Amma mu ɗauki wannan a matsayin ma'auni: ci da kwana da makaranta sun tashi yuro 10,150 a shekara. Shekara uku, kusan sefa miliyan 20.

In makarantar kuɗi ce mai suna, kuɗin karatu kaɗai yakan haura yuro dubu 10 a shekara. Ka haɗa da ci da kwana, shekara uku ta wuce sefa miliyan 34. Ba mu sa kuɗin jirgi ba, ba mu sa rigar sanyi ba, ba mu sa kwamfuta da yadi da fenti da takardun aiki ba, alhali a irin wannan karatu ɗalibi ne ke sayen kayan aikinsa.

Yanzu Baffa, ka ɗauki farashin bijimi mai kyau a karar da kake kai dabbobi, ka raba waɗannan miliyoyi da shi. Abin da ya fito, shi ne yawan kawunan da za su bar garkenka. Ka kuma tuna saniyar da aka sayar ta tafi da maruƙan da za ta haifa da nonon da za ta bayar. Ke ma Hajiya, ki duba ko jarin zai iya ci gaba da juyawa tsakanin Lome da Kumasi bayan an zare masa wannan.

Yara sukan ce, ai in na je zan yi aiki in riƙe kaina. Doka ta yarda ɗalibi baƙo ya yi aiki, amma awa 964 kacal a shekara, wanda bai kai awa 20 a mako ba. Yana rage zafi, ba ya biyan makarantar kuɗi. Ga shi kuma karatun zane da ɗinki yana cin dare da rana, musamman lokacin miƙa aiki.

Ta ina ake bi?

Hukumar da gwamnatin Faransa ta ɗora wa wannan aiki ita ce Campus France. Tana da ofishi a Akra, haka ma a Lome da Abijan da Kwatano. Ta nan ake buɗe fayil, a yi hira da ɗalibi, kafin a kai ga neman biza. Tana kuma da wani shafi na musamman mai suna CampusArt, inda mai neman karatun zane ko tufafi ko gine-gine zai cike takarda ɗaya makarantu da dama su gani. Karatu yana farawa a watan Satumba, amma neman gurbi yana farawa tun wajen Oktoba ko Nuwamba na shekarar da ta gabata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Babu dillali a wannan hanya. Duk wanda ya zo maka da cewa yana da mutum a ofishin jakadanci, ko zai samo biza cikin mako biyu, ko zai ara maka kuɗi a zuba a banki na kwana kaɗan don a nuna, ka riƙe aljihunka. Takardar banki ta bogi tana jawo a hana biza, ta kuma ɓata sunan yaro a neman gaba. Kuɗin makaranta kuma asusun makarantar ake turawa kai tsaye, ba lambar wayar wani ba.

Sai maganar takardu, wadda take kayar da 'ya'yanmu na Zango da na ruga fiye da kowa. A duba suna da ranar haihuwa a takardar haihuwa, da fasfo, da sakamakon WASSCE, su zama iri ɗaya harafi da harafi. Mohammed a nan, Mahamadou a can, Mamman a wata takardar, wannan kaɗai ya isa ya tsayar da fayil.

'Yan'uwanmu masu fasfon Nijar da Mali da Burkina Faso, ku lura da kyau. A 2023 Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai da Bamako da Wagadugu bayan taɓarɓarewar dangantaka, kuma ofishin jakadancinta na Yamai an rufe shi a farkon 2024. Bisa ƙa'ida mutum yana neman biza ne a ƙasar da yake zaune da izini. Saboda haka ɗan Nijar da ke zaune a Kumasi sai ya tanadi shaidar zama a Gana, ya kuma je ya tambayi halin da ake ciki kafin ya biya ko sisi.

Harshe da kundin ayyuka

Yawancin kwasa-kwasan da Faransanci ake yin su, kuma makarantu da dama suna neman shaidar jarrabawar DELF a matakin B2, ko makamanciyarta. Faransancin da muke ciniki da shi a Sinkase ko Aflawo yana sayen albasa ya sallami ɗan duwan, amma ba ya rubuta bayanin shafi goma. A nan Kumasi akwai Alliance Française, inda ake koyarwa ana kuma shirya ɗalibai don jarrabawar. Wanda ya fara daga tushe ya ware shekara guda ko fiye. Akwai kwasa-kwasan da ake yi da Ingilishi, sai dai galibinsu a makarantun kuɗi suke, kuma mai gidan haya da likita da mai ba da aiki duk Faransanci za su yi masa.

Abin da ya fi sakamakon jarrabawa nauyi a wurin waɗannan makarantu shi ne kundin ayyuka: hotunan abin da yaro ya yi da hannunsa, da zanen da ya fara yi kafin aikin ya kammala, da ɗan bayanin dalilinsa. A nan ne ɗan Zango yake da abin da ɗan Paris ba shi da shi. Yaron da ya zauna gaban mai aikin babbar riga ya iya fitar da aska takwas, ko ya iya kwaɗo da linzami a wuyan jamfa, yana da abin nunawa. Haka wanda ya san yadda ake haɗa ƙyallayen fugu na Daboya har riga ta buɗe in ana rawa, ko yarinyar da ta iya saƙar faifai da adon ƙwarya irin na ruga. Kuskuren da yara ke yi shi ne su ɓoye wannan, su cika kundin da kwaikwayon rigunan Turawa da suka gani a waya. Malaman can sun gaji da ganin nasu.

Ku makiyaya, kada ku ɗauka wannan duniya ta yi muku nisa. Kamfanin Hermès, wanda jakarsa ta fata take cikin mafi tsada a duniya, ya fara ne a 1837 a matsayin shagon kayan doki a Paris. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi kuwa tun zamanin ayari ake ƙetare Sahara da ita, Turawa suna kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Yaron da ya san fata tun daga jikin dabba har majema har gaban baduku, ya riga ya yi nisa a karatun da wasu za su fara daga littafi.

Abu biyu da iyaye za su so su sani

Na ɗaya, sutura. Dokar Faransa ta 2004 ta hana sa alamar addini bayyananna, har da ɗankwali irin na hijabi, a makarantun gwamnati na firamare da sakandare. Ba ta shafi jami'a ba. Amma wasu kwasa-kwasan DN MADE a cikin makarantun sakandare na gwamnati ake yin su, dokar kuma tana bin ɗalibi har can. Wata dokar ta 2010 ta hana rufe fuska a bainar jama'a ko'ina a ƙasar. Mai 'ya mace ya tambayi matsayin makarantar tun kafin a cike takarda.

Na biyu, a makarantun zane da yawa akwai darasin zana jikin ɗan Adam, inda mutum yake tsayawa gaban aji, wani lokaci ba sutura. A tambaya ko darasin dole ne a kwas ɗin da yaro ya zaɓa, a zauna a gida a yi shawara da malamai, kowa ya shiga da saninsa.

Waɗanda suka riga mu

Alphadi na Nijar, wanda aka haifa a Tumbutu a 1957, ya yi karatun tufafi a makarantar Chardon Savard da ke Paris. Abin da ya ɗaga shi shi ne adon Buzaye da Hausawa da Fulani Bororo da ya zuba a ɗinkinsa. A 1998 ya kafa bikin nuna tufafin Afirka na FIMA a Tigidit, cikin hamada kusa da Agadas. Chris Seydou na Mali, wanda aka haifa a Kati a 1949, a shagon tela ya fara. Ya yi aiki a Wagadugu da Abijan kafin ya tafi Paris, kuma da bogolan, zanen da matan ƙasarsu ke rinawa da laka, duniya ta san shi. Ya rasu a 1994. Shi kuwa Pathé'O, ɗan Burkina, a unguwar Treichville ta Abijan ya koyi ɗinki a hannun maigida, har ta kai Nelson Mandela yana sa rigunansa.

Ku dawo gida Gana. Ibrahim Mahama mai zane, ɗan Tamale, ba attajirin nan mai irin sunansa ba, a jami'ar KNUST ta nan Kumasi ya yi karatu. Da tsofaffin buhunan koko, waɗanda suka gama ɗaukar masara da gawayi a kasuwanninmu, ya yi aikin da aka nuna a babban bajekolin Venice na Italiya a 2015. A 2019 ya buɗe cibiyar zane a Tamale. Cikin mutum huɗun nan, kowa da abin gidansu ya ci kasuwa.

Abin da ke ƙofar gida

Tun 1952 ake koyar da zane a wurin da ya zama KNUST, lokacin da aka dawo da sashen daga Achimota. A yau ana koyon fenti da sassaƙa da yadi da aikin ƙarfe da na fata a can. Kumasi Technical University tana da sashen tufafi da yadi. Bonwire mai kente, da Ntonso mai adinkra, da Ahwiaa mai sassaƙa, duk tafiyar ƙasa da yini ce, a je a dawo. Mai son karatu da Faransanci kusa da gida, akwai INSAAC a Abijan, akwai EAMAU ta gine-gine da tsara birane a Lome.

Saboda haka shawarar da muka bayar a shirin ita ce a bi abin daki-daki. Yaro ya yi shekara biyu ko uku a hannun maigida ko a ɗaya daga makarantun nan, yana zuwa ajin Faransanci da yamma, yana tara hotunan aikinsa. In ya gama digirin farko a gida, sai ya nemi digiri na biyu a Faransa, wanda shekara biyu ne maimakon uku, kuma tallafin karatu na gwamnatin Faransa ya fi karkata ga wannan mataki. In a tsakiyar hanya sha'awar ta gushe, keken ɗinki da kuɗin aji kawai aka kashe, garke yana nan. In kuwa ta dore, to ka san kan wa kake sayar da san.

Kafin ka kira dillalin shanu, ka sa yaron ya zauna gabanka ya amsa waɗannan. Mene ne cikakken sunan makarantar, a wane gari take, kuma mece ce lambar rajistar kwas ɗin? An buɗe fayil a Campus France? Ina shaidar Faransanci? Ina ayyukan da ya yi da hannunsa, waɗanda wani ya taɓa biyan kuɗi ya saya? Kuɗin shekara ta biyu da ta uku daga ina za su fito in damina ta ƙi, ko iyaka ta rufe? In ya dawo, wa zai ɗinka wa, gidan wa zai ƙawata? Yaron da ya shirya zai amsa ba tare da ya duba waya ba. Wanda bai shirya ba, kada a kashe masa gwiwa, a ba shi shekara guda ya je ya nemo amsoshin.

A shiri na gaba za mu duba takardun rigakafin dabbobi da ake nema a bakin iyaka kafin a ƙetara da garke. Masu tambaya a kan batun yau su ci gaba da aiko mana ta hanyar da aka saba, za mu amsa a farkon shirin.